Kitsen da Ya Kayar da Jan Kare

Kai Tanimu, ka zo tambayata me ya sa karenka ke amai, amma tun da ka zauna bakinka bai sauka daga kan karen maƙwabcinka ba. Kare kan yi amai don tsutsar ciki, ko ya ci mushe, ko ƙashi ya tsaya masa. Kyanwa ma takan amayar da gashin da ta lashe a jikinta. Sai dai akwai aman da daga zuciyar ubangida yake tasowa. Gyara zama ka ji.

A wani ƙauye an yi mafarauta biyu, danga ɗaya ce tsakaninsu. Ɗaya yana da jan kare, ɗayan baƙi. Jan karen nan wallahi ba shi da laifi. Siriri ne mai ƙafa, kuma tun yana kwikwiyo abin da cikinsa ya sani ragowar tuwon dawa ne da kunun dusa, in an yi sa'a a jefa masa kayan cikin zomo. Da wannan ya shekara huɗu yana cika wa ubangidansa tukunya. To, sai aka yi wata farauta baƙin kare ya kayar da gada, makaɗin mafarauta ya yi ta kambama shi da mai shi har aka shigo gari. Shi ke nan, mai jan kare ya kasa cin tuwo. Ko haushin baƙin kare ya jiyo ta bayan danga sai ya ji kamar gori ake yi masa. Ya dubi nasa karen da jiya-jiya yake yabo, ya ga duk ya zame masa abin kunya.

Ya shiga leƙe ta kafar danga. Rannan ya ga maƙwabcin ya jefa wa baƙin kare guntun kitse, bai fi kan babban yatsa ba. Ya ce, "Af, ashe nan asirin yake!" Saura kwana biyar a fita babbar farautar ƙarshen rani. Gogan naka ya tafi mahauta ya ciko ƙwarya da kitse da tumbi, ya haɗa da ragowar miya mai yaji da albasa, ya zuba dafaffun ƙasusuwan kaji, ya dire gaban kare. In wancan ya ba da yatsa guda, shi ƙwarya zai bayar. Kare kuwa ka san shi, ba ya cewa ya ƙoshi. Ya lanƙwame tas ko tauna babu, kafin la'asar ya amayar da shi duka a gindin turmi. Cikin da ya saba da tuwo ka danna masa maiƙo rana ɗaya, ina kake so ya sa shi?

Mai hankali da nan zai tsaya. Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar shi ya huta da ruwa, gobe ka mai da shi kan tuwonsa." Ya daka mata tsawa, wai ai hannun maƙwabci ne, jifa aka yi wa kare. Ya samo laya ya ɗaura masa a wuya, ya dire ƙwarya ta biyu. Kare ya ci ya amayar. Da ya ga karen ya lallaɓa gindin danga yana tsinkar ciyawa, abin da kare kan yi in cikinsa ya ɓaci, sai ya ce a ciyawar aka zuba magani, ya ɗaure shi da igiya. Rana ta uku kare ya kau da kai daga ƙwarya, shi kuwa ya buɗe masa baki yana ɗura masa romo. Maƙwabcin da kansa ya leƙo ya ce, "Ɗan'uwa, kai karen nan wurin malamin dabbobi, kada ƙashi ya yi masa lahani." Ai sai ka ce ya zuba masa garwashi. Ya ce a ransa, "Wato so yake in zauna a gida ya kwashe kirari shi kaɗai!" Ya ƙi.

Ranar farauta aka buga ganga aka shiga daji. Ikon Allah, gada ta tashi daidai gaban mutumin nan, taku goma tsakani, irin rabon da mafarauci kan shekara bai gani ba. Ya yi wa jan kare kirari ya sake shi. Kare ya yunƙura, don mai zuciya ne, ya yi gudu kamar daga nan zuwa bakin rijiyar can. Sai ya tsaya, ya sunkuyar da kai, ya yi ta kakari, ba abin da ke fita sai rawayar kumfa. Baƙin kare ya zo ya gifta ta gefensa, a gaban idon kowa ya kayar da gadar.

Da yamma mafarauta suka doshi gari kowa da abin da ya rataya, wani zomo, wani zabo, makaɗi yana gaba yana sake kambama baƙin kare. Mutumin nan yana can baya shi kaɗai, ba komai a kafaɗarsa sai karensa, ido ya faɗa, haƙarƙari a waje kana ƙirgawa, amai na bin bayan rigarsa. Abin ya ba ni tausayi, ba don shi ba, don karen da bai taɓa roƙon kitse ba. Hausawa sun gama magana: garin neman ƙiba, an samo rama.