Makunni na Uku

Kai Tanimu, tunda ka ce duk wanda ya ce maka "dakata" maƙiyinka ne, gyara zama ka ji. Akwai wani ɗan tseren motoci da ya yi shekara biyu yana haɗa injin motarsa da hannunsa, yana ji da shi kamar ɗan fari. Da ya gama sai ya sayo tukunyar naitiros, iskar nan da ake fesa wa inji ya ƙara ƙarfi nan take. Ya kai wa wani dattijo mai wayarin mota ya haɗa masa. Dattijo ya ja waya ta bi ta makunni uku a jere: na farko direba ke kunnawa da yatsa, na biyu ba ya kamawa sai ƙafa ta danne totur har ƙasa, na uku kuwa ba hannu ba ƙafa, shi da fetur yake shawara. In fetur bai zo da ƙarfi ba, iskar ba ta buɗewa. Ɗan tsere ya ce a cire na ukun, motarsa ce, shi zai ba da umarni. Dattijo ya ce, "Ka ga ƙofa, masu wayarin sun yi yawa a garin nan. Amma da hannuna ba zan cire ba." Ɗan tsere ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya turo manya, tsoho ko gezau. Wallahi taurin kan nan nasa yana burge ni. Da tsere ya matso, dole ya karɓi mota a haka.

Ran tsere yana na biyu, saura ƙiris. Ya kunna na farko, ya taka totur har ƙasa, shiru kake ji! Iska ta ƙi buɗewa. Yana ji yana gani motoci uku suka wuce shi. Ko gida bai je ba, ya nufi garejin dattijon da filaya a hannu, ido jajir, zai datse wayar a gaban tsohon. Tsoho ya buɗe gaban motar. Ya kwance matatar fetur ya zazzage masa a tafin hannu: tsatsa da laka, ta toshe, mai sai ɗiga yake. To ka san iskar nan in ta shiga inji ba isasshen fetur, zafi ne ke tashi har fistin da ke cikin injin ya narke kamar dalma, ga mutum a cikin mota yana sheƙa gudu. Ɗan tsere ya dubi baƙin dattin da ke hannunsa, ya dubi injinsa na shekara biyu yana nan lafiya lau. Ya ajiye filaya, ya tambayi tsoho ko yana da sabuwar matata, don akwai wani tseren wata mai zuwa.

Ka ji, Tanimu. Ba banza ba Bahaushe ya ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.