Kwalin Da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Hamsatou

Da Adamou ya rasu a Greensboro ta Amurka, abu uku Hajiya Hamsatou ta rasa: miji, da Alƙur'anin kakansa na rubutun hannu da suka taho da shi daga Damagaram, da zumuncin ƙaninsa Laouali, wanda ta kira ɓarawo a gaban 'yan zaman makoki. Abin da ta samu kuwa kwali ɗaya ne da aka kawo daga depon ajiye kaya da yake aiki a titin Wendover, cike da littattafan addinin Hindu masu rubutu kamar an shanya wanki a igiya.

Ta mai da shi matakin ƙafa a shagonta na turare da atamfa a High Point Road.

Wata Asabar sai ga tsoho Raghavan, Ba'indiye abokin aikin marigayin, rungume da ƙunshi cikin jan ƙyalle. Ya ce musaya ya zo yi da kwalin. Yana ganin inda ƙafarta take ya runtse ido kamar shi aka taka, ya ƙara ƙanƙame ƙunshin.

"Ba na musaya," ta ce da Turancinta na kasuwa. "Riƙe gunkinka, Baba. Kuɗi."

Ya taya, ta ƙi. Nan ta gano lagonsa: a wurinsu ƙafa ba ta taɓa littafi. Da ta gyara diddige a kan kwalin, sai tayin ya hau.

Kowace Asabar yana dawowa, yana ta bayani. Wai Veda ne a ciki, waɗanda aka yi ta haddacewa baki da baki tun kafin a rubuta su. Wai rai ba ya mutuwa, kuma abin da mutum ya aikata yana bin sa har rayuwa ta gaba. Wai mutum ya yi aikinsa, kada ya sa ido kan sakamako.

"Aiki ba biya?" Ta yi tsaki. "Shi ya sa ka tsufa kana dakon kwali. Je ka, in ka dawo duniya karo na biyu ka taho da kuɗi."

Bai taɓa ajiye ƙunshin ba, ko a kan kantar shagon. Ita dariya abin yake ba ta.

Ranar da ya zube kuɗi a gabanta ya ce ba shi da abin ƙarawa, ta ga dai ta tatse shi sarai. Don ta ƙara cusa masa haushi ta ce, "To haɗa da gunkin, in ga abin da kuke wa sujada."

Ya daɗe yana kallon ƙafarta. Ya ce sai ta sauke ta, ta kuma wanke hannu. Ta yi, tana murguɗa baki.

Ya warware ƙyallen da hannu biyu. Aron littattafai suka yi wa juna shi da Adamou, in ji shi, kuma ya kasa miƙa littafi mai tsarki ga mai taka littafi.

Hamsatou ta tura masa kuɗinsa da kwalinsa. In an tambaye ta nawa ta sallama, amsarta ɗaya ce: "Tsohuwar gafaka, da Alƙur'anin da na ce Laouali ya sace."