Taken Baƙin Sa

Ranar da za a buɗe sabon filin wasa na Kiru, Lado ya tashi tun asuba yana neman yadda zai fita kunya.

Filin nan En'e, hukumar gargajiya, ce ta gina shi a bayan makarantar elementare, da katangarsa, da ƙofar kwano, da rumfar manya. Nan za a riƙa kokawa da ƙwallo da kiɗa. Hakimi ya ce mabuɗin ƙofar da sarautar Sarkin Fili sai hannun wanda ya san wasa. To duk Kiru wa ya kai Lado?

Shekara tara ke nan da ya sauka garin da jaki biyu da baki ɗaya, ya shaida wa kowa shi ne Baƙin Sa na Burumburum, ɗan kokawar nan da ya ka da maza tun daga Doguwa har Bebeji, rana ɗaya aka neme shi aka rasa. Mutanen Kiru labarin Baƙin Sa suka sani, ba fuskarsa ba. Lado ya ba su fuska. In aka ce ya ɗan gwada, sai ya dafe ƙugu ya ce tsohon targaɗe ne ya motsa. Gaskiyar magana, abin da ya taɓa kayarwa a duniya shi ne allon aji biyu, ranar da aka kore shi daga makaranta.

Sai ga labari an ɗauko tsoho Mudi, makaɗin 'yan kokawar Burumburum, a motar gyaɗa. Idon Mudi ya mutu, wannan da sauƙi. Amma hannunsa na nan. Kowane ɗan kokawa da takensa, kiɗan da in ya ji, ko loma ce a bakinsa sai ya miƙe jiki na tsuma. Hakimi kuwa ya ce sai Baƙin Sa ya amsa takensa a gaban jama'a za a miƙa mabuɗi. Lado bai taɓa jin taken ba ko a mafarki.

Ya biya wajen maƙwabcinsa Malam Abdussalami, mai karantar da yaran unguwa, mutumin da sai ka matso kake jin muryarsa, wanda ko gangar biki ta biyo layi sai ya shige ya turo ƙofa.

"Allah gafarta Malam, a sa mu a addu'a. Yau ranar tawa ce."

"Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, Lado. Ni addu'ar buɗewa aka kira ni. Da an shafa zan zame, ka san ni da ganga."

Suka yi musabaha. Lado ya tafi yana yarfe yatsu saboda matsar da hannun Malam ya yi musu, yana kuma murmushi, don dabara ta faɗo masa a hanya. Ai kowane take da mai shi. Duk wanda aka kaɗa, wani zai tashi. Wanda aka kaɗa ba wanda ya motsa, wannan shi ne nasa. Kai, Lado! Da ya gama makaranta da yanzu shi ne alƙali.

Fili ya cika har kan katanga. Mutanen Dangora da na Badafi sun zo da 'yan kokawarsu, masu fura sun jeru. Malam ya yi addu'a aka shafa, ya nufi ƙofa, ya tarar jama'a ta toshe ta ko allura ba ta wucewa.

"Malam, zauna mana, yau dai ɗaya," in ji Hakimi.

Malam ya dawo ya raɓe a bayan Lado, ya ja rawani ya rufe kunnuwa.

Mudi ya saɓa ganga. Kiɗa na farko, wani dogo daga Dangora ya yi tsalle ya faɗa fili. Na biyu, wani gajere mai wuyan turmi. Na uku, na huɗu, kowanne da mai shi. Lado na zaune yana taunar goro yana ƙirgawa.

Sai tsohon ya tsaya, ya share goshi, ya sauya hannu. Wani kiɗa ya fito mai nauyi, a hankali, kamar ana taka ƙasa da kofato. Lado ya duba dama, ya duba hagu. Ba wanda ya motsa.

Ya zabura ya yar da goron, ya ɗaga hannu sama. "Sai ni Baƙin Sa! Sai ni na Burumburum, mai karya..."

Mata suka ɗauki guɗa. Hakimi ya zaro mabuɗi daga aljihu, ya miƙo. Saura taku uku Lado ya karɓa, sai guɗar ta mutu a tsakiya. Wata kururuwa ta tashi a bayansa, har kwanon rumfa ya amsa. Mudi ya fashe da kuka bai daina kiɗa ba.

"Muryar nan! Wayyo, shekara ashirin! Ashe kana raye, ɗan nema!"

Lado bai kai ga waiwayawa ba ya ji hannu biyu sun kama ƙugunsa mai targaɗe, ƙafafunsa suka bar ƙasa, sama ta juya, bayansa ya buɗe sabon filin Kiru da ƙura. Daga nan kwance ya ga hannun Hakimi da mabuɗi ya wuce ta kansa, kuma karo na farko a rayuwarsa ya ga Baƙin Sa na Burumburum a tsaye, kai ba rawani, riga a tattare, jiki na tsuma, hawaye na bin gemun Malam Abdussalami.