Farautar Dakta Hevener

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, ƙarfe tara da minti ashirin na safe, jan layi ya fara ratsa allon kwamfutar ɗaliba Delia Marchetti.

Kwana huɗu aka ba ta a kan babban farantin da ke sauraron sama a kan tudun da ke tsakiyar kwarinmu, bayan ta yi shekara tana jiran layi. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Faranti ya fara juyawa ga wani tauraro da aka san ƙarfin muryarsa, manhaja ta daidaita awo da shi, sannan a koma ga gajimaren da Delia ke nazari a can ƙarshen sama. In awon farko ya karkace, duk abin da ya biyo baya ya karkace. In kuma Juma'a ta wuce ba ta samu awo mai tsabta ba, digirinta zai sake kwana shekara guda.

Manhajar tana shafa ja a kan duk sautin da ba daga sama ya fito ba, ta zubar da shi. Ran nan ta zubar da fiye da rabi, ta kuma ce abin da ya rage bai isa awo ba.

Loretta Wooddell, wadda ke tuƙa farantin, ta leƙo ta saman tabarau. "Wannan ba jirgi ba ne, 'yar nan. Na gida ne. Wani ya hau mana tudu da abu a jikinsa."

Magana ta kai kunnen Dakta Orval Hevener, dattijon da ke shugabantar wurin. Shi ya kafa dokar tun yana da ƙarfi: duk wanda aka kama kusa da faranti da abin da ke watsa igiyar rediyo, ya sauka daga tudun. Ɗan ƙanwarsa ma bai tsira ba, saboda agogon hannu mai haɗuwa da waya. Tun rasuwar matarsa ya zama mutum mai shiru, ana hira a teburin abinci yana gyaɗa kai kawai. A kakar bana ne, bayan ya kai wa 'yarsa ziyara a garin Roanoke, ya dawo da surutu da wata hular ulu da ba ya cirewa. Mun yi murna, ba mu tambaya ba. Kullum da safe sai ya taka zuwa gindin farantin ya tsaya, hannu a baya.

"Loretta, yaushe ƙarfen nan ya fara kuka in yana juyawa?"

"Tun kana da gashi, tsoho."

Ya ɗauki akwatin gano igiya ya shiga farauta. A kicin allurar akwatin ta yi rawa, ya kori mai dafa abinci tare da ma'aunin zafin gasasshen nama mai aiki da rediyo. A gareji ta yi rawa, ya kori mai fenti. Wani malamin makaranta da ya kawo yara kallo ya sauka da makullin motarsa mai rimot a hannu, yana rantsuwa.

Laraba da safe ja ya dawo, ya fi na jiya.

Delia ba ta yi kuka ba. Ta sa manhaja ta nuna mata lokacin da ja ke farawa da lokacin da yake ɗaukewa, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya allon wajen Loretta. Loretta ta duba, ta kalli taga, ta tashi ta rufe ƙofa. Abin da suka ce a ciki, babu wanda ya ji.

Da rana Delia ta same shi a baranda. "Dakta, ina jin daga bayan dutsen yamma yake zuwa, wajen gonakin shanu. Amma da nisa. Ko in tura wani mai sauran ƙafa?"

"Mai sauran ƙafa? Yarinya, ina hawa dutsen nan kafin uwarki ta koyi tafiya."

Alhamis da sassafe ya ja tsohuwar motar dizal ya tafi, da burodi mai nama da Loretta ta naɗe masa. Faranti ya juya ga tauraron awo. Allo ya fito fes, babu ɗigon ja. Manhaja ta karɓi awon, layukan da suka kwana biyu suna tsalle suka kwanta, gajimaren Delia ya bayyana a hankali kamar numfashi a gilashi.

Dakta ya dawo da yamma, laka har gwiwa, da akwatin shingen lantarki na tsare shanu da ya lallaɓa wani manomi ya kashe ya ba shi.

"Allurar ba ta huta ba ko sau ɗaya," in ji shi. "Duk inda na taka. Gundumar nan gaba ɗaya ta lalace."

"Sai ka ƙara gaba gobe," in ji Loretta, idonta a kan kofi. "Har bakin kogi."

Ya ƙara. Juma'a da azahar Delia ta rufe aikinta da awo mai tsabta. A teburin abinci Dakta ya yi jawabi a kan amfanin doka, ya ji kowace dariya, ya rama kowace tsokana. Mu da muka san shi a shekarun shirunsa, ba mu katse shi ba.

Waɗanda suka rage a kan tudun bayan farautar, ban da mu 'yan kallo, su ne: Delia, Loretta, kyanwar gareji, da Dakta Hevener, tare da 'yan na'urorin ƙara jin kunne guda biyu da 'yarsa ta saya masa, ɓoye a ƙarƙashin hula, ta dama tana yi wa ta hagu magana ta rediyo.