Hantar Da Ta Hana

Da likita ya ɗora abin awo a ƙirjin 'yarta, sai uwar ta ji kamar nata numfashin ne ke sarƙewa. 'Ya'yan nata tagwaye ne, shekararsu huɗu, tari ɗaya ya kama su a ɗakinsu na haya a Gyadi-Gyadi. Ɗayar ta warware, tana gida tana tsalle-tsalle. Wannan kuwa haƙarƙarinta sai shiga yake yana fita.

"Me suke ci?" in ji likita.

"Koko da tuwo. Babansu mahauci ne a Tarauni, amma ba na ba su nama. Innata ta ce cin nama yana koya wa yaro sata."

Ya ce, "Allura za ta yi aiki, in sha Allahu. Amma akwai wani sinadari, zinki, a cikin nama da hanta. Jikin da ya rasa shi, ciwon huhu ya fi jigata shi. Ƙarfin 'yar'uwarta ne ke ba ni mamaki."

Ita uwar ba ta yi mamaki ba. Sau nawa ta make hannun waccan a faifan naman babansu, wannan tana gefe a zaune ana sa mata albarka?

Ranar da aka sallame su, ta gasa hanta da kanta, ta miƙa wa wadda ta sha jinyar. Yarinyar ta ɓoye hannayenta a baya.

"Inna, ni ba na sata."

Uwar ta durƙusa. "Na sani, 'yata. Buɗe bakinki, ni zan ba ki."