Dukan da Alhaji Bai Taɓa Gani Ba

Tun kafin 'yan wasa su iso filin Fidjrossè da ke bakin teku, an riga an kafa wa Alhaji Arzika farar kujerarsa a inda ya saba zama: can ƙarshen fili, a gindin kwakwa, daidai saitin bayan mai jifa. Daga nan ne, in ji shi, ake ganin fuskar mai duka sosai. Shi ya kafa ƙungiyar besbol ta unguwar Zongo, shi ya sayi kulake da ƙwallaye, saboda haka babu wanda ya taɓa gusar da kujerar.

Wasan ba shi da wuyar ganewa: wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da kulki ya ruga tasha-tasha har ya zagayo gida, ci ɗaya ke nan; in kuwa jifa uku ta wuce shi bai doka ba, ya koma benci. Abin da ya gagari Alhaji ganewa shi ne Ridwane.

Ridwane tela ne, saurayi dogo mai ladabi. Duk tsawon kakar wasa, lokacin da Alhaji yake arewa wajen sarin albasa, labarinsa kawai waya take kawowa. Cikin fita goma yana dukan ƙwallo sau bakwai, alhali wanda ya doka uku ma gwani ake kiransa. Alhaji kan baro buhunansa ya dawo musamman domin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ya zauna da shirin tafi, sai kulkin ya mutu murus. Kaka biyu a jere, fita goma sha tara, ko iskar ƙwallon bai taɓa ba. Mai horar da su, wanda ya yi lakwal, wato karatun boko, mai zurfi, ya ce ya bincika lissafin 'yan wasan ƙasashen waje, bai sami mai irin wannan ciwo ba.

Babu abin da Alhaji bai gwada ba. Ya sauya kulki. Ya karɓo rubutu, ko da abokan hamayya, mutanen unguwar Akpakpa, sun yi wani abu. Ya sa an kai yaron wajen likitan ido, likita ya ce idon ya fi nasa lafiya. Daga ƙarshe ya kira shi gida domin nasiha. Ridwane ya tsuguna a bakin ƙofa yana gumi, ya ƙi hawa tabarma, ya ƙi taɓa zoɓon da Labiba, 'yar autar gidan, ta ajiye masa. Duk abin da aka faɗa, amsa ɗaya ce: "To, Baba."

Bana kuwa abin ya wuce wasa. Karimou, Bayarabe mai sayar da tayu, uban ƙungiyar Akpakpa, abokin wasan Alhaji ne, shi Bagobiri, tun suna yara, kamar yadda yake tsakanin Yarbawa da Gobirawa. A gaban jama'a suka ƙulla cewa wanda aka ci a wasan ƙarshe zai yi mako guda a kasuwa sanye da hular hana-salla ta abokin hamayya. Alhaji ya hango kansa, da furfurarsa da babbar rigarsa, zaune a rumfar albasa da 'yar hula ruwan ɗorawa, sai barci ya ƙaurace masa.

"Bawana!" Karimou ya ƙwala masa kira daga ɗaya gefen filin, yana kaɗa hular. "Na sa an wanke maka ita har da turare!"

"Ajiye ta, ɗan baiwa, ka rufe sanƙonka," in ji Alhaji. Amma muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

Wasa ya yi zafi. Ridwane ya fita sau uku, sau uku yana komawa benci. Duk sa'ad da ya ɗaga kulki, sai haɓarsa ta sauka kan ƙirji, ƙwallo ta wuce shi fuu. Alhaji ya miƙe yana kaɗa hannu: "Ɗaga kanka, ɗana! Dubo nan!" Kan ya ƙara yin ƙasa.

Aka zo zagayen ƙarshe. Akpakpa na gaba da ci ɗaya, 'yan Zongo biyu na tsaye a kan tasha suna jiran wanda zai koro su gida, dama kuma ɗaya ta rage. Mai duka, Ridwane.

Jifa ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Alhaji ya ga ba zai iya kallon ta uku ba, sai ya tashi ya zagaya bayan kwakwa, ya juya wa filin baya yana duban teku, yana auna girman kansa da na hular.

Ƙwas!

Ƙwallo ta bi ta saman kwakwar, ta faɗa can cikin yashi kusa da kwalekwalen masunta. Zongo ta ɓarke da ihu. Ko da Alhaji ya leƙo, an riga an ɗaga Ridwane sama, Karimou kuwa yana cusa hularsa cikin aljihu.

Da yamma, bayan masu barka sun watse, Hajiya Mamata ta tarar da maigidanta ya yi tagumi, tuwo ya huce a gabansa.

"Alhaji, wanda ya ci kofi ne yake wannan zama?"

"Mamata, yau na gano ciwon," ya ce a hankali. "Ni ne. In ina nan, babu. Na juya baya, akwai. Ashe farar ƙafa gare ni, ban sani ba. Gobe zan nemi malam."

Hajiya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta leƙa ɗaka ta tabbatar 'yar auta ba ta ji, sannan ta rage murya.

"Bar malam ya huta, ka shirya tabarma, baffannin Ridwane na tafe da goro ranar Juma'a. Yaron da ya shekara biyu yana son Labiba, ka je ka kafa kujera a saitin idonsa, da wace fuskar zai ɗaga kai ya dubi surukinsa?"