Cokalin Ƙarfe

Tun kafin ya shigo ɗakin gwaji ta ga ƙaramin cokalin ƙarfen a gefen kwalbar farin garin. Shekara huɗu saurayinta ya yi yana haɗa garin nan da sinadarai don digirinsa, yana son ya nuna ƙananan ƙwayoyin garin suna da maganaɗisu.

"Da wannan kake ɗiba?" ta tambaye shi da ya shigo.

"Tun farko. Lafiya?"

Ita ce mai kula da na'urar awo. Da safe ta ɗebi sabon gari da cokalin roba ta auna, layin na'urar ya kwanta, babu alamar maganaɗisu. Ashe ɓurɓushin cokalin na'urar take gani duk shekarun nan.

Da ta gaya masa, ya zauna. Abbanta ya ce babu zancen aure sai ya kammala digirin, ga shi saura sati uku.

"Daga ni sai ke muka sani," ya ce a hankali, yana miƙo mata biro. "Don Allah ki sa hannu a tsohon sakamakon."

Ta kalli biron.

"In na sa, da wane ido zan kalle ka a gidanmu?"

Ya ajiye biron kusa da cokalin ya fita. Ko ƙofar bai ja ba.